Bashin gida na haɗin gwiwa a Ingila idan ɗayanku na da tabo

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu zan faɗa a kan miji da mata su haɗu su nemi bashin sayen gida a ƙasar nan ta Ingila, alhali tarihin bashin ɗayansu ba shi da kyau.

Na farko, banki ba ya tambayar limamin unguwa ko kai mutumin kirki ne. Kamfanoni uku ne, yake tambayar ɗaya ko fiye a cikinsu: Experian, Equifax da TransUnion. Su ke riƙe da littafinka, wato tarihin bashin da ka ci da yadda ka biya. Kuma idan kun nema tare, littafi biyu za a buɗe. Wake ɗaya ke ɓata gari, jama'a. Ko naki fari fat ne Hajiya, in na Alhaji da tabo, tabon nan za su zuba wa ido.

Bari in tsaya a nan, don nan ne ciwon. Shekara 6. Ku rubuta. In ka gaza biyan bashi har aka yi maka rajistar gazawa, ko kotu ta yanke maka hukuncin da suke kira CCJ, shekara 6 yake yi a littafinka. Ko ka biya daga baya yana nan, sai dai a rubuta an biya. CCJ ne kawai in ka biya duka cikin wata ɗaya ake gogewa. Wani bawan Allah ya zo wurina da matarsa, sun tara kafin alƙalami, sun ga gida, har ta zaɓi labule. Banki ya ce a'a. Muka buɗe littafinsa, sai ga kuɗin layin waya, bai kai fam 100 ba. Ya tafi Kano jinyar mahaifiyarsa, ya canza gida da ya dawo, wasiƙu suna ta zuwa tsohon adireshi. Matar ta kalle shi, ya kalli silin. (Dariya) Kuna dariya, amma wallahi rabinku ba ku taɓa duba naku ba, kuma kyauta ne, doka ta ba ka haƙƙin gani. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne matarka ta fara jin labarinsa daga bakin ma'aikacin banki. Shekara 6, na sake faɗa. Tabon da ya shekara 4 ba ɗaya yake da na bara ba, bankuna da yawa suna sassauci in ya tsufa, shi ya sa wani lokaci haƙurin shekara guda ya fi gaggawa arha. Kuma adashin da kake zubawa ba fashi, Allah ya sani, amma Experian ba ta sani ba.

Ina muke? Na uku... a'a, na biyu. Aure kaɗai ba ya haɗa littafinku. Asusun banki na haɗin gwiwa ko bashi tare ne ke ɗaure ku, daga nan duk mai duba ɗaya zai ga sunan ɗayan. Kuma bashin gida ba rabi da rabi ba ne: in ɗaya ya daina biya, banki zai bi ɗayan duka kuɗin.

Sauran in yi sauri. Ku yi rajistar masu zaɓe a adireshinku in kun cancanta. Kada ku riƙa bin bankuna kuna cika takarda, kowane bincike yana barin sawu. Ku nemi dillalin bashin gida da ya san masu karɓar mai tabo, amma za su nemi kafin alƙalami mai kauri, farashin ma ya fi tsada. Masu gudun kuɗin ruwa, akwai tsarin musharaka, wato ku mallaki gidan tare da banki kuna sayen kasonsa a hankali, irin na Gatehouse Bank, sai dai su ma littafin nan suke buɗewa. Ko kuma mai tsabtar ya nema shi kaɗai. Lissafin ne zai ragu: yawanci ana bayar da ninki 4 zuwa 4 da rabi na albashin shekara, to mai fam 30,000 da mai 20,000 tare za su iya kaiwa 225,000, na farkon shi kaɗai 135,000.

Na'am, Hajiya?

(Wata daga cikin mata ta tambaya: idan sunan miji kaɗai ke kan gidan, alhali da kuɗinta a ciki fa?)

Yawwa. Maza kada ku harare ni. Hajiya, auren naku an yi masa rajista, ko a falo aka shafa fatiha a nan Ingila? Domin a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ɗaurin auren da bai bi ƙa'idojin dokar ƙasar nan ba, kotu ba ta ɗauke shi aure ba. In an rabu, ba ki da haƙƙin da matar aure ke da shi a kan gidan. Wanda aka ɗaura a gida Najeriya ko Nijar bisa dokar can, hukuncinsa daban, galibi ana karɓarsa. Sannan bankin zai iya miƙo miki takarda ki sa hannu cewa haƙƙinsa na gaba da zamanki a gidan. Kafin ki ba da sisi, ku je wurin lauya a rubuta takardar amana mai nuna nawa kika zuba da kason da kika mallaka. Lauyanki daban, ba na Alhaji ba. An kira salla ko? To, masu sauran tambaya su same ni a bakin ƙofa.