Wasan Gem da Ɗaga Hannu Bayan Tiyatar Sankarar Mama

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kusan miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama. Da yawansu tiyata za a yi musu, wasu a haɗa har da kaluluwar hammata a cire. To, daga nan ne maganarmu ta yau ta fara.

Ciwo ya warke, an cire zare, amma kafaɗa ta sandare. Mace ta kai hannu za ta taje kai, ta ji kamar an ɗaure mata igiya daga hammata zuwa gwiwar hannu. Ba ƙaramar matsala ba ce, domin idan za a yi mata gashi da na'ura, wato a haska wurin don kashe ragowar ƙwayoyin sankarar, dole ta kwanta hannu a sama da kai. Hannun da ya ƙi ɗaguwa yana iya jinkirta gashin.

Maganin sananne ne, motsa jiki. Wani bincike a Birtaniya da aka buga a 2021, kan mata 392, ya nuna cewa waɗanda likitan fisiyo, wato ƙwararren motsa gaɓoɓi, ya ɗora kan atisaye tun kwanakin farko sun fi sauran iya amfani da hannu bayan shekara guda. Sai dai ku je ku gani. An ce ta tsaya gaban bango tana hawa da yatsu, kullum, safe da yamma. Wa zai jure? Ga gundura, ga tsoron kada ɗinki ya ɓalle. Ni a ganina tsoron ya fi zafin kansa hana motsi.

A nan gem ke shigowa. Ko a ɗaura mata tabarau irin Meta Quest, mai sa mutum ya ga kamar yana cikin gem ɗin, ko ta tsaya gaban kyamarar Kinect mai bin motsin jiki da ta fito a 2010. Sai ga balan-balan suna tashi a cikin gem ɗin, aikinta ta fasa su. Na farko daidai ƙirji, na gaba ya ɗan haura. Hankalinta na kan maki, hannu kuwa ya wuce inda jiya ta rantse ba zai kai ba. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Hunter Hoffman na Jami'ar Washington ya daɗe da gwada ta ga masu ƙuna lokacin wankin ciwo, domin ƙwaƙwalwar da ta shagala ba ta cika sauraron zafi ba.

Amma kada mu zaƙe. Binciken da aka yi kan masu sankarar mama ƙanana ne, ba a kuma bi matan na dogon lokaci ba. Tabarau yakan sa wasu jiri da tashin zuciya, wadda ke karɓar allurar kemo, maganin kashe ƙwayoyin sankara, kuwa tana da nata tashin zuciyar. Gem ba ya ganin hannu ya fara kumbura, ba ya lura cewa ta karkata jiki ne don ta cimma balan-balan. Likitan fisiyo ne mai ganin wannan, shi ne kuma zai faɗi ranar da za a fara ɗaga hannu sama da kafaɗa, galibi sai an cire robar da ke zuƙe ruwa daga wurin aikin.