Minti 11 a Tsakar Ɗaki, Daga Winifeg

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Bari in juya muku kyamara ku ga taga. Kun ga farin nan? Dusar ƙanƙara ce, kuma wayata na nuna 28 ƙasa da sifiri. Wanda ya ce in fita gudu a wannan sanyin, to ba masoyina ba ne.

Tun da na sa hoton da tumbina ya ja baya, tambayar da kuke ta yi mini ita ce wane gidan motsa jiki nake zuwa. Babu ko ɗaya. Ga filin atisayena nan, tsakanin gado da teburin karatu, ga kuma takardar da na manna a jikin bango.

Farkon zuwana Kanada, sanyi ya kulle ni a ɗaki, daga aiki sai ci sai barci. Ran nan na ga wani ƙato a bidiyo yana cewa a yi firesof, wato ka dafa ƙasa da hannu biyu kana sauka kana ɗagowa, sau ɗari kullum. Na ce ai mu da muka sha tsallen kwaɗo da kamun kunne a makarantar kwana, wannan wasa ne. Kwana uku na yi, kafaɗata ta riƙe, sai da na yi mako biyu ina sa riga da ƙyar. Ƙarfin hali ne kawai, irin na ɓarawo da sallama.

Wani dattijo a wurin aikinmu, tsohon soja ne, shi ya nuna mini wannan tsari mai suna 5BX. Wani masani, Bill Orban, ya tsara wa sojojin saman Kanada shi a ƙarshen shekarun 1950, saboda waɗanda ake turawa sansanonin can arewa inda babu kayan motsa jiki. Atisaye biyar ne cikin minti 11: sunkuyo da miƙewa, kwanciya rigingine kana ɗagowa, kwanciya rub da ciki kana ɗaga ƙirji da ƙafa, firesof, sai gudu a wuri ɗaya na minti shida. Mata ma da nasu, XBX, minti 12.

To ga abin da ya ba ni dariya. Matakin farko, firesof biyu kacal, kuma gwiwa a ƙasa! Na ji kamar an raina ni. Amma a nan amfanin takardar yake. Ita ke taka maka birki ranar da kake jin kanka zaki, ita ce kuma ke tashinka ranar da kasala ta danne ka, don minti 11 bai kai a yi masa uzuri ba. Jadawali shida ne, kowanne da matakansa, kuma shekarunka ne ke yanke kwanakin da za ka yi kafin ka hau na gaba. Ni da na haura talatin, kwana huɗu nake yi aƙalla, ko da jikina na ce mini in wuce. Bidiyon intanet yana nuna maka inda mai shi ya kai ne, ba ya nuna maka inda ya faro.

Sai dai tsohon tsari ne, ban haɗiye shi duka ba. Wajen atisayen ciki ina lanƙwasa gwiwa don kada in takura wa bayana. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma, don Allah ya fara ganin likita. Minti 11 ɗin ma bai cike minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so babba ya samu a mako ba, shi ya sa nake ƙarawa da hawa bene da ƙafa, hawa shida.

Matsalata ɗaya yanzu maƙwabciyata ta ƙasa. Gudun nan da asuba ya sa ta buga mini rufi da sandar shara, sai na ninka tsohon bargo biyu na shimfiɗa, na kuma mayar da shi ƙarfe bakwai. Ga shi bakwai ɗin ta yi. Bari in jingina wayar nan da kofin shayi, ku ƙirga mini, yau ina jadawali na biyu.