Jawabin Maraba Ga Mai Girma Sanata Yayin Ziyararsa Ga 'Yan Kasuwar Jega

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Sanata, babban baƙonmu na yau; wakilin Mai Martaba Sarkin Gwandu; iyayenmu hakimai; malamanmu; shugabannin layukan kasuwa; iyayenmu mata masu sana'a, da sauran jama'a baki ɗaya.

A madadin ƙananan 'yan kasuwar wannan gari, masu shaguna da masu tireda da masu rumfuna da waɗanda ke baza kayansu a ƙasa, ina yi maka barka da zuwa Jega, kai da 'yan rakiyarka. Ranka ya daɗe, mun ji daɗi da ka zaɓi ka zo har cikin kasuwa maimakon ka aika a kira shugabanninmu zuwa Birnin Kebbi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba za su iya rufe shago yini guda don halartar taro ba.

Ba sai mun ba ka tarihin wannan kasuwa ba. Ka san cewa tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, Jega mahaɗa ce ta fatake: albasar Aliero, shinkafar fadamunmu, kifin Yawuri da kayan da ke ratsowa ta Kamba duk a nan suke haɗuwa da kayan Kano da na Legas. Abin da muke so mu gabatar maka shi ne halin da mai sayar da ɗai-ɗai yake ciki a yau, musamman game da harajin kayan masarufi da aka fi sani da VAT.

An fara karɓar wannan haraji a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga watan Fabrairun 2020. Dokar da ta ɗaga shi ta ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓarsa da kai rahotonsa, ta kuma bar ainihin kayan abinci ba tare da shi ba. A rubuce, ke nan, babu ruwan mai tireda da VAT, kuma sau da yawa da wannan ake rufe mana baki idan muka yi kuka. Amma, ranka ya daɗe, mai tireda ba gero da dawa kaɗai yake sayarwa ba. Yana sayar da sabulu da omo da man shafawa da ashana da batir da lemon kwalba, kuma duk waɗannan, kafin su iso hannunsa, kamfani ya riga ya ɗora harajin a kansu, babban dila ya biya, shi ma ya ɗora wa mai sari. Idan kwali ɗaya, a misali, kuɗinsa naira 20,000 ne, harajinsa naira 1,500 ne, alhali sau da yawa ribar da mai shago ke sa ran samu a wannan kwali, bayan ya sayar da shi ɗaya bayan ɗaya cikin mako biyu, ba ta kai haka ba. Babban kamfani mai rajista yana iya cire harajin da ya biya daga wanda ya karɓa kafin ya miƙa wa gwamnati ragowar. Wanda aka yafe wa karɓa ba shi da inda zai cire nasa.

Masana za su ce ai harajin na mai saye ne, sai mai shago ya ƙara shi a farashi. Wannan magana tana tafiya ne inda aljihun mai saye yake da nauyi. A nan, matar da ta saba sayen sabulu uku, da ta ji ƙarin, sai ta sayi ɗaya, ko ta ce a rubuta mata sai an yi girbi. Mai shago kuwa maƙwabcinta ne, a masallaci ɗaya yake sallah da mijinta, ba zai iya hana ta ba. Saboda haka sai ya haɗiye rabin ƙarin, ya rubuta sauran a littafin bashi. Ranar da ya koma sari, kuɗin da ya sayo masa kwali goma a baya ba ya sayen bakwai. Shago ba ya mutuwa rana ɗaya; kanta ce ke ramewa, har mutum ya koma jera kwalayen da babu kome a cikinsu don kada a gane uwar kuɗin ta narke.

Da harajin ya same mu muna da ƙarfi, da ba mu ɗaga murya haka ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A farkon 2023 canjin takardun naira ya bar mu da kaya ba masu saye. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota daga Kano ya bi ta, darajar naira kuma ta faɗi. Ba mu gama farfaɗowa ba aka sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kuma mutanen Dosso da Gaya abokan cinikinmu ne tun iyaye da kakanni. Kowace manufa cikin waɗannan tana da hujjar da masu ita suka bayar, ba mu zo yin jayayya da su ba. Abin da muke cewa shi ne dukkansu a kan mutum ɗaya suka sauka.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a lissafa su a Abuja. An ce mu rungumi taransifa, mun runguma, sai ga naira 50 ana cirewa a duk kuɗin da ya kai naira 10,000, ban da ladan mai POS. Sannan ga masu rasit iri-iri, na rumfa, na shara, na allon shago, na sauke kaya, wani rasit ɗin ma ba a iya karanta hatiminsa, kuma motar da ta ɗauko mana kaya tana tsayawa a shingaye da dama kafin ta iso, direba kuwa a kanmu yake fanshewa.

Mun ji labarin sababbin dokokin haraji da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026. Mun gode da aka bar VAT a kashi 7.5 bayan an yi ta maganar ƙara shi, mun kuma fahimci cewa kason jihohi daga cikinsa ya tashi daga kashi 50 zuwa 55. Tun da haka ne, muna ganin ba rashin kunya ba ne mu nemi a ga alamar wannan ƙari a inda ake tara shi: magudanun ruwa kafin damina, wuta, da hanyar motar kashe gobara a cikin kasuwa.

Roƙonmu gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka tsaya mana a majalisa duk lokacin da batun ƙara wannan haraji ya sake tasowa, ka kuma yi magana da gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi a haɗe kuɗaɗen kasuwa su zama biya ɗaya, da rasit ɗaya, a kafe jadawalinsu da boko da ajami a ƙofar kasuwa, yadda dattijon da bai shiga aji ba zai san abin da ke kansa. Muna kuma so a turo waɗanda za su yi mana bayanin sababbin dokokin da Hausa, domin har yanzu jita-jita ta fi bayani yawa, wasu ma sun fara tsoron ajiye kuɗi a banki.

Bayan an tashi daga nan, muna roƙon ka ba mu minti ashirin mu zaga da kai layin 'yan tireda, inda wasu daga cikinmu suka amince su buɗe maka littattafan bashinsu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.