Atlas ɗin Margilan: rini kafin saƙa

Tun da wani bidiyo na atlas, yadin siliki na Uzbekistan, ya bazu, magana ɗaya ake ta maimaitawa: wai launin ya zuba, marinin bai iya aikinsa ba. To, jama'a, ku zo mu duba tare.

A Margilan ake saƙa shi, a kwarin Fergana, tsohon garin siliki. Tsutsa ta ci ganye, ta naɗe kanta, a tafasa, a warware zare. Wannan a fili yake, mu wuce.

Ga inda ake ɓata. Mu a Ƙofar Mata yadi ake ɗaurewa a tsoma a baba. Su kuwa babu yadi tukuna. Zaren tsaye, na tsawon saƙa, shi ake miƙewa a kan katako, wani ya zana alama a kai, sannan mai ɗauri ya bi damin zare yana naɗe duk inda ba a son rini ya taɓa. A tsoma a ruwan ɗorawa, na ɓawon rumman. A kwance wasu ɗauri, a ɗaure wasu, a tsoma a ja. A sake, a tsoma a baba. Kowane launi da nasa zagayen. Mutumin nan fa yana ɗaure hoton da bai gani ba, sai a kansa.

Sai an ɗora zaren a masaƙa zanen yake haɗuwa. Kuma zare dubbai ba sa tsayawa daidai wa daida. Wannan ya ɗan zame sama, wancan ƙasa. Shi ne bakin zanen yake kamar hazo. Da gangan ake son hakan. Sunan aikin ma abr, wato gajimare da Farisanci. Ni dai in na ga bakin zane tsaf kamar an sa reza, ina zargin bugun inji ne.

Ɗaya daga cikin masaƙan garin shi ne Rasuljon Mirzaahmedov, ɗan gidan masaƙa kaka da kakanni. A zamanin Tarayyar Sobiyet masana'antar gwamnati ta danne saƙar gida, har nau'in karan-miski, bakhmal, ya kusa ɓacewa. Shi ya farfaɗo da shi. A 2005 Oscar de la Renta, shahararren mai tsara tufafi a Amurka, ya ɗinka kaya da yadin Margilan, a 2017 kuma UNESCO ta yaba wa cibiyar sana'o'in garin.

In za ku saya, ku juya bayan yadin. Na gaske, rinin ya ratsa zaren ciki da bai.