Daga Likitan Mata Zuwa Ƙwararren Likitan Sankarar Mata

Assalamu alaikum 'yan'uwa likitoci, musamman ku da kuka kusa kammala horon likitan mata kuna tunanin inda za ku dosa.

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, mata kusan 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu suke. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin mata na asibitin koyarwa ya san su. Mace ta yi wata da watanni tana zubar jini, an yi na gida an gaji, sai da wari ya fito aka kawo ta. Masu ƙwarewar kula da ita kuwa 'yan kaɗan ne.

Hanyar doguwa ce. A Najeriya, bayan shekara shida a jami'a, da shekarar sanin makamar aiki, da bautar ƙasa, sai horon ƙwarewa a fannin mata da haihuwa, ƙarƙashin Kwalejin Ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Sai an gama wannan ake shiga horon sankara. A Amurka shekara huɗu ake yi a fannin mata, sannan uku zuwa huɗu a kan sankara, a ciki har da shekarar bincike, kuma ana gogayya sosai kafin a sami gurbi. Ga wanda yake son ya koya ba tare da ya yi ƙaura zuwa Turai ba, ƙungiyar likitocin sankarar mata ta duniya, IGCS, ta fara wani shiri a 2017. Horon shekara biyu ne a asibitocin ƙasashe masu tasowa, irin su asibitin Moi da ke Eldoret a Kenya da Cibiyar Sankara ta Uganda a Kampala. Malamai na gida da na waje ne ke sa ido, kuma ana zama ta intanet a tattauna marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya.

To me ake koya a can wanda ba a koya ba a baya?

Na farko hannu. Cire mahaifa na yau da kullum kun iya shi. Amma tiyatar sankarar bakin mahaifa da likita Ernst Wertheim ya fara a birnin Biyana na Ostiriya a 1898 daban take. Ana cire mahaifa da naman da ke gefenta, da saman farji, da kaluluwar ƙugu. A nan ne likita zai bi bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, ya raba shi da abin da ya manne masa a hankali, jijiyar mahaifa tana gitta ta samansa. Kuskuren rabin yatsa, mace ta tashi da yoyon fitsari. A sankarar ƙwan mace kuma, tiyata kan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har a yanke hanji, domin yawan ƙarin da aka bari a ciki yana da tasiri a kan tsawon rayuwarta.

Amma abin da na fi ganin girmansa shi ne sanin lokacin da ba a sa wuƙa. Idan sankarar bakin mahaifa ta kai bangon ƙugu, ko ta toshe ƙoda, tiyata ba ta da amfani. Maganinta gashi ne, wato ƙona sankarar da haske, na waje da na ciki, tare da maganin sankara cisplatin mako-mako. Ƙwararre shi ne zai zaunar da miji da uwa, waɗanda suka sayar da gona don a yi aiki, ya fahimtar da su dalilin da ba za a yi ba, da inda za su je, da abin da zai ci. Wannan ma horo ne, kuma yana da nauyi a zuciya.

Akwai farin ciki a fannin. Sankarar da ke biyo bayan cikin nan da babu jariri sai ƙwayoyi kamar inabi tana warkewa da maganin methotrexate a mafi yawan lokuta, mace ta dawo ta haihu. Najeriya kuma ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, a Oktoban 2023, sai dai iyayensu mata da suka riga suka kamu, likita suke jira yau.

Idan za ku zaɓi wurin horo, kada sunan wurin ya ruɗe ku. Ku tambayi wanda ya gama a can: tiyata nawa ya yi da hannunsa, ba wadda ya tsaya yana riƙe ƙarfe ba? Akwai na'urar gashi mai aiki? Kwana nawa sakamakon gwajin nama ke ɗauka? Tun yanzu kuma ku fara rubuta duk tiyatar da kuka shiga a littafi, ku nemi babban likita guda da zai riƙe ku, ku kammala bincike ko ɗaya ne ku buga shi kafin lokacin neman gurbi ya zo.