Sharhi: Hausar Maraɗi da kunnen mutanen birni

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Jibiya ya ƙetare ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ya san Hausa kan sake riga kafin a sauka. A tasha yaron mota zai ce maka "za mu tafi", can gaba wani ya ce "mu tahi". Mai fura ta koma mai hura, "me" ta koma "mi". In ka taya kaya aka ce jikka, to ka natsu: a Katsina jaka naira 200 ce, a Maraɗi jikka sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. Baƙo da yawa ya ji farashi ya yi murna, sai da aka zo biya ido ya raina fata.

To wannan Hausar ta wa ce? Maraɗi gari ne na Katsinawa. Sarakunan Haɓe da jihadi ya fitar daga Katsina a 1807 su ne suka kafa mulki a can, har yau kuma sarautar garin Sarkin Katsina ce. Kusa da ita ga Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir. Katsinanci da Gobiranci kasuwa ɗaya suke ci, suna auren juna, ga Fulani da Buzaye suna shigowa da nasu lafazin. Daga baya Ingila da Faransa suka ja layi a tsakani, yaron wancan ɓangaren ya tafi lakwal wajen mushe, wato malamin makaranta a bakin mutanen Nijar, na wannan ɓangaren ya tafi firamare wajen malam. In wuta ta ɗauke, can kuran ne ya tafi, nan kuwa har gobe nefa ake zagi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke sauraren wannan harshe. A wasannin barkwanci, in ana neman baƙauye, sau da yawa sai a sa masa "shina" da "tahi" a baka, a yi ta dariya. Mu ma 'yan rediyo ba mu tsira ba. Na taɓa zama kusa da wani matashi ɗan bakin iyaka da ya zo gwajin karanta labarai. Murya kamar an wanke ta, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, amma da ya ce "hwari" sai na ga an yi ƙasa da kai ana murmushi. Ni ma na murmusa, kuma ban manta ba.

Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi kan Kananci, tana da amfaninta a littafi da jarida, ba mai musu. Amma an zaɓe ta ne don rubutu ya zama ɗaya, ba don bakin Kano ya fi na Gobir tsarki ba.

Maganar ta ƙara nauyi tun 2025, da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yanzu za a ƙara rubuta littattafan makaranta, a horar da malamai. Ko a rubutu akwai saɓani: Nijar na rubuta "ƴaƴa", Najeriya na rubuta "'ya'ya". Wanda zai zauna ya tsara littafin aji ɗaya na yaran Tsibiri, sai ya yanke shawara tun a shafin farko: hura zai rubuta, ko fura?