Guruf ɗin iyaye, jakar makaranta da maganar barci

Auwal: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ne Auwal, ga Malama Bilki, ga Zainab. Yau ba sai na yi dogon sharhi ba, tunda aka koma makaranta saƙonnin da kuke turo mana kusan duk waje ɗaya suka nufa, guruf ɗin iyaye na WhatsApp. Wata baiwar Allah ta rubuto ta ce tun satin farko ta sa nata a shiru, sai daga baya take jin ashe an canza ranar gwaji, yaronta ya je bai shirya komai ba.

Malama Bilki: Ai ba ita kaɗai ba ce Baban Amir, kuma wallahi ban ga laifinta ba. Sanarwa ɗaya tak muke sawa, kafin awa ɗaya an binne ta. Kun san abin da ke binne ta? Gora.

Zainab: Kai Anti, gorar ruwa! Hahaha.

Malama Bilki: Mutum ɗaya zai ɗauki hoton gora, shuɗiya, ba murfi, ya ce ta waye wannan an tsinta a aji uku. Shikenan an buɗe ƙofa. Ba tamu ba ce. Ba tamu ba ce. Ba tamu ba ce malama.

Zainab: Sai wata ta ce tamu ja ce, alhali ba wanda ya tambaye ta.

Auwal: Sai wani ya ce Allah ya bayyana mai ita.

Zainab: Amin, amin, amin ya Rabbi, har mutum ashirin.

Auwal: Can da daddare kuma wani ya shigo ya ce wai don Allah wace gora ake magana, ban ga hoton ba.

Malama Bilki: A sake turowa.

Zainab: A sake ba tamu ba ce daga farko! Ita mai ja ɗin ma ta dawo ta ce af, tamu ma ashe ta ɓata, ko an ga ja?

Auwal: Yanzu gora biyu ake nema kenan.

Zainab: Mai shuɗiyar kuma ba ya ma cikin guruf ɗin, ya canza lamba tun bara.

Auwal: Murfin fa? Ba wanda ya taɓa tambayar murfin.

Zainab: Murfin yana guruf ɗin aji huɗu, Yaya, can ake ba namu ba ne.

Malama Bilki: Toh ya isa haka, cikina ya ƙulle. Abin dariya ne amma a ƙarƙashin wannan surutun ne sanarwar gwajin take kwance. Kuma gyaran ba wuya gare shi ba. A raba guruf biyu. Ɗaya na sanarwa zalla, a shiga saitin a sa admin kaɗai ke iya tura saƙo, WhatsApp ya daɗe da wannan tsarin. Ɗayan kuma na hira, a je can a yi ta gora har gobe. Sannan akwai maƙale saƙo a saman guruf, kana zaɓar awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30, duk wanda ya buɗe shi zai fara gani. In kuma ana son a san wa ya karanta, a danna alamar babban yatsa a jikin saƙon, ba sai kowa ya rubuta an gani ba. In ra'ayi ake nema, misali wace rana ta fi dacewa da taron iyaye, akwai ƙuri'a a ciki, minti ɗaya an gama.

Zainab: Amma Anti akwai iyayen da ba su da babbar waya fa, akwai kuma waɗanda karatun ma bai zauna musu ba.

Malama Bilki: Yauwa ƙanwata, nan nake son zuwa. Shi ya sa ni har gobe takarda nake so. Shafi ɗaya, farkon zango, a ba kowane yaro ya kai gida a manna a bango. Ranar komawa, ranar hutu, satin jarabawa, lokacin tashi, lambar ofis, sunan fom masta, da wanda za a kira in yaro ya kwana ba lafiya. Iyakarta kenan. Wanda ba ya karatu a yi masa saƙon murya, amma gajere, ba na minti tara ba da sai an kai na bakwai ake faɗin abin da ya kawo shi. Sannan abu ɗaya da nake roƙon iyaye don girman Allah, matsalar yaronka da malami ko da wani yaro ba a guruf ake kawo ta ba. Ka rubuta sunan ɗan wani a gaban iyaye sittin ka ce ya bugi naka, me kake so uwarsa ta yi? Dole ta kare ɗanta, sai rigima ta koma ta manya, yaran kuma washegari tare za ka gan su suna wasa. Ka nemi fom masta kai da shi. Mu ma malamai akwai namu, sakamakon yaro ba a ɗaukar hotonsa a watsa, hoton yara a aji ma sai da yardar iyayensu. Kuma a sa lokaci, ƙarfe sha ɗayan dare malama ba ta bakin aiki, ita ma tana da nata yaran da za ta kwantar.

Auwal: Toh Malama bari in shigo da maganar aikin gida, don saƙo uku ne a kai, kuma ina so a ƙarshe mu tsara wa mutane ɗan jadawalin yamma da za su iya bi, daga dawowa har kwanciya.

Malama Bilki: Za mu yi. Aikin gida dai, akwai ƙa'idar da ƙungiyar iyaye da malamai ta Amurka da ƙungiyar malamansu suka daɗe suna goyon baya, minti goma a kowane aji. Ɗan aji ɗaya minti 10, ɗan aji uku minti 30, ɗan aji shida awa ɗaya, kuma duka darussa ake nufi a haɗe, ba kowane malami ya ba da nasa awa ɗayan ba. Wani farfesa, Harris Cooper na jami'ar Duke, ya tattara binciken da aka yi a kai a 2006, abin da ya fito shi ne amfanin aikin gida ya fi bayyana a sakandare, a firamare alaƙarsa da ci gaban yaro kaɗan ce. Toh in ɗan shekara bakwai yana zaune awa biyu yana kuka a kan littafi, ba karatu ake ba. Ki tsayar da shi, ki rubuta a gefen shafin, ya yi minti talatin, nan ya tsaya, lamba huɗu ce ta gagare shi. Wallahi wannan layin ɗaya ya fi min amfani a kan aikin da aka cike tsaf da rubutun babba. Don muna ganewa fa. Yaron da bai iya rubuta sunansa a miƙe ba ya kawo min amsa da rubutu mai kyau kamar na ofis, ni kuma sai in ɗauka ya gane in wuce gaba, shi aka cuta.

Zainab: Amma tsoro ake ji Anti, kar a doke shi ko a ce iyayensa ba sa kula.

Malama Bilki: Shi ya sa na ce a rubuta. Malamin da ya ga rubutun uwa ya san ana kula. Amma ni fa in za a bar ni in zaɓi abu ɗaya da iyaye za su yi min, ba aikin gida ba ne, barci ne. Likitocin barci na Amurka sun fitar da adadi a 2016, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ku yi lissafi da kanku. Yaron firamare da ake tasa ƙarfe shida na safe, ƙarfe tara ya kamata a ce ya riga ya yi barci, ba wai lokacin ake ce masa je ka kwanta ba. Ni ina ganinsu darasi na biyu, kai ya fara rinjaya, biro ya ja dogon layi a tsakiyar shafi, ya farka firgigit ya goge baki. Wani kuma ba gyangyaɗi zai yi ba, fitina zai yi, ya tsokani wannan ya ture wancan, a ce ba ya ji. Ruwa ba ya tsami banza, ka tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta ka ji.

Auwal: Waya ce ai. Ni a nan nake ganin matsalar.

Malama Bilki: Waya da talabijin, da kuma mu manya da muke hira a kansu. Faransa tun 2018 ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare, UNESCO ma, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2023 ta ce kar a bar ta a aji sai in karatun take taimaka wa. Amma duk wannan na makaranta ne, wayar dare a hannun iyaye take. A ajiye caja a falo kawai, duk wayar gidan can take kwana, har ta baba.

Auwal: Har ta baba kuma?

Zainab: Har ta baba, Yaya, ka ji dai da kunnenka.

Auwal: Na ji, na karɓa. Toh jadawalin...

Zainab: Tsaya Yaya, jaka. Na yi wa wata alƙawarin zan tambaya. Ta ce 'yarta in ta goya jaka sai ta sunkuyo gaba take tafiya.

Malama Bilki: Ta yi nauyi kenan. Indiya a 2020 sun fitar da tsari a kan jakar makaranta, suka ce kar ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin yaro. Yarinya mai kilo 30, jakarta kilo 3. Ta ɗora ta a sikeli ta gani, za ta sha mamaki. Kuma in ta zazzage jakar a ƙasa za ta tarar da littattafan Litinin ana yawo da su har Alhamis, da tsofaffin takardun gwaji, da kwas ɗin da ya ƙare tun zangon baya. A manna jadawalin darussa a cikin murfin jakar, kullum da daddare yarinyar da kanta ta zaɓi na gobe. Hannu biyu za ta goya, ba a rataye a kafaɗa ɗaya ba, littafi mai nauyi ya zauna ta jikin baya. Mu ma malamai mu ji tsoron Allah, ba kowane littafi ne sai ya je gida kullum ba, wanda za a iya bari a aji a bar shi. Sannan fom ɗin lafiya da ake bayarwa farkon shekara, don Allah a daina mayar da shi ba a cike ba. In yaro yana da asma in san inda abin shaƙarsa yake. In sikila ne in sani, don in bar shi ya sha ruwa ya fita bayi ba sai ya roƙa ba, kuma kar a sa shi gudun da zai kwantar da shi. Wasu iyayen ɓoyewa suke don kar a nuna ɗansu, na fahimce su, amma ranar da ciwon ya tashi a aji ni ce a wajen. A ba da lamba biyu, wadda ake ɗagawa. Zazzaɓi kuma in ya kai 38 a bar shi a gida, sai ya yi awa 24 ba zazzaɓi ba tare da magani ba sannan ya dawo, ba a ba shi farasitamol da safe a turo shi ba, ƙarfe sha ɗaya jikin ya sake ɗaukar zafi.

Zainab: Ido fa Anti? Yaron da kullum littafin na kusa da shi yake kwafa...

Malama Bilki: Sau da yawa allon ne ba ya gani, ba satar amsa ba. In yana ƙanƙance ido ko yana matso da littafi dab da fuska, a gwada shi, allon haruffan nan ne da ake tsayawa mita 6, ba ya ɗaukar lokaci, kafin nan kuma a dawo da shi layin gaba, sannan...

Auwal: Malama, Malama, ana min alama lokaci ya tafi. Jadawalin yamma sai mako mai zuwa in sha Allah, wanda yake da nasa tsarin da yake masa aiki ya turo mana mu karanta.

Malama Bilki: Ban taɓo maganar kunne ba fa, shi ma haka yake.

Auwal: Da shi za mu fara. Mun gode jama'a, a gaida yara, sai mun sake haɗuwa.